Fasfo da Mutanen da Suka Riga Shi Tafiya

Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro ba su san wata takardar tafiya ba. Abin da ke kai mutum daga Kano har Salaga shi ne madugun ayari, mai biyan kuɗin fito da na wucewa a kowace ƙasa, sai kuma maigidan da ke jiransa a zango, wanda zai tsaya masa in rigima ta taso. Takarda mai hatimi ta baƙon da ba shi da kowa ce, shi ya sa Bature matafiyi Barth ya nemi irinta wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853 kafin ya nufi Timbuktu. Da fasfo ya zo, sai ya karɓe wannan tsayawar daga hannun jama'a ya damƙa wa gwamnati, kuma a ganina waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne mutanen da suka bar gida tun kafin a san da shi.

Ɗan littafin nan kwanan nan aka haife shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sa ƙasashen Turai suka tsananta neman sa, Ingila ta fara manna hoto a 1915, sannan taron Paris na 1920 ya tsayar da fasalinsa. Kafin nan hanyar hajji ta ƙasa ta riga ta cika da mutane. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Maniyyata suka yi ta bin sawunsu ta Barno da Wadai da Darfur, a tsaya a yi noma, a tara guzuri, a ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, da yawa sun yada zango can, aka yi aure, aka haihu. Sai ga dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 tana neman mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda ya iso bayan Burmi ya makara ke nan, a Nijeriya kuwa babu littafin da sunansa yake ciki. Haka ta faru a Ghana a 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, har da waɗanda aka yanke wa cibiya a zangon Kumasi.

Wani zai ce tsohuwar hanyar ma ba daɗi gare ta ba, kuma ya faɗi gaskiya. 'Yan fashi sun tare ayari, an sayar da 'ya'yan maniyyata bayi a Hijaz, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Mai fasfo yana da ofishin jakadancin da zai kai kuka, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 a ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba. Amma duk wannan kariya sai takardar ta shiga hannu, ita kuwa a Nijeriya ana tambayar mai nemanta shaidar ƙaramar hukumar da ya fito. Jikan mahajjacin da aka haifa a Jazira, wace ƙaramar hukuma ce za ta sa masa hannu? Ko wanda yake zaune a garinsu bai tsira ba, domin mai bayar da shaidar shi ne mai ikon musanta ta. A 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta tsallakar da shi Chadi bisa cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da babbar kotu a Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan Nijeriya ne, ta soke korar.