Yadda Kwamfuta Ke Adana Kwanan Wata da Yadda Take Nuna Shi

Jama'ar ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo kan rubuta kwanan wata a takardar haihuwa, da rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa, da ta banki. Muna so a fahimci cewa abin da rumbun bayanai ke adanawa daban ne da abin da ido ke gani a takarda.

Kwamfuta tana adana kwanan wata ne a matsayin lamba. Alal misali, manhajar Excel tana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900, don haka ranar samun 'yancin kan Nijeriya, 1 ga Oktoba, 1960, a wurinta 22190 ce. Sai an zo nunawa ne ake juya lambar zuwa tsarin da aka zaɓa.

A Nijeriya muna fara rubuta rana, sannan wata, sannan shekara: 01/10/1960. A Amurka kuwa wata ake farawa da shi: 10/01/1960. Tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, wanda aka fitar a 1988, yana farawa da shekara: 1960-10-01. Duka ukun rana ɗaya suke nufi.

Kuskure yana aukuwa ne wajen shigarwa. Idan kwamfutar ofis tana kan tsarin Amurka, ma'aikaci ya buga 05/03/2008 da nufin 5 ga Maris, za ta adana 3 ga Mayu. Hakan kan faru idan ranar ba ta wuce 12 ga wata ba. Daga nan sai takardun mutum su saɓa wa juna, ɗalibi ya gamu da cikas wajen rajistar JAMB, wadda tun 2021 take bukatar lambar shaidar ɗan ƙasa.

Haka kuma, idan iyaye sun kawo ranar haihuwa da lissafin Hijira, a juya ta cikin natsuwa, domin ganin wata kan sa a samu bambancin kwana guda.

Saboda haka muna kira ga ma'aikata da su duba tsarin kwamfutarsu, su rubuta sunan wata da haruffa, shekara kuma da lambobi huɗu. Dagatai da masu unguwanni su tunatar da jama'a su karanta takardarsu, ko a karanta musu, kafin su bar ofis.