Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Tarihin Sayen Tsofaffin 'Yan Ƙwallo

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga unguwar Dukawuya cikin birnin Kano, ya rubuto yana cewa gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarsu. Wasu suna cewa duk kulob ɗin da ya zuba kuɗi ya ɗauko ɗan wasan da shekaru suka ja masa, to ya yi asara, gara ya horar da yara. Wasu kuwa suna cewa ai da tsohuwar zuma ake magani. Shi ne yake so a ba shi tarihi don a san mai gaskiya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda. Amsar a taƙaice ita ce, kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Abin dubawa shi ne aikin da aka sayo tsohon ya yi, da lafiyar ƙafarsa, da kuma nawa aka biya. Bari mu bi tarihin daki-daki.

Da farko ka sani, a da can tsohon ɗan wasa ba shi da wurin fakewa a fili, domin dokar ƙwallo ba ta yarda da canji ba. Mutum goma sha ɗayan da suka fara su za su gama, ko da ɗaya ya gurɗe. Sai a shekarar 1970 aka fara yarda da canjin mutum biyu a gasar cin kofin duniya. A 1995 aka mai da su uku, a 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka ƙara zuwa biyar. Wato ke nan wani sabon aiki ya samu a ƙwallo: mutumin da zai zauna a benci yana karantar wasa, sai an gaji a sako shi ya yi minti ashirin ko talatin. Wannan aiki bai cika buƙatar gudu ba, kai da natsuwa yake so.

Har a Amurka haka abin yake. Suna da wani wasa da suke kira besbol, inda ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda. Akwai mai jifan da ba a sa shi sai a zagayen ƙarshe, don ya tsare nasarar da aka riga aka samu. Wani gwaninsu mai suna Mariano Rivera, na ƙungiyar New York Yankees, yana wannan aiki har ya kai shekara 43 kafin ya yi ritaya a 2013.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Roger Milla na Kamaru. A 1990 yana da shekara 38, ya riga ya bar manyan kulob na Faransa, yana buga wasa a wani tsibiri da ake kira Reunion. Shugaban ƙasarsu, Paul Biya, shi ya sa baki aka saka shi cikin waɗanda za su gasar cin kofin duniya a Italiya. Kocinsu bai fara wasa da shi ko sau ɗaya ba, kullum daga benci yake tasowa. Ya shigo ya ci Rumaniya biyu. Ya sake shigowa ya ci Kolambiya biyu a ƙarin lokaci, ɗaya ma ƙwace ƙwallon ya yi daga ƙafar mai tsaron gidansu, Higuita, da ya fito yana wasa da ita. Da waɗannan ƙwallaye huɗu Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga cikin takwas na ƙarshe, inda Ingila ta fitar da ita da ci 3 da 2.

To sai dai ka ji ƙarshen labarin. A 1994 aka sake ɗauko Milla yana da shekara 42. Ya ci Rasha ƙwallo ɗaya, ya kafa tarihi, amma an lallasa Kamaru da ci 6 da 1, kuma ba ta wuce zagayen farko ba. Mutum ɗaya, sakamako biyu. A 1990 ya tarar da samari masu ƙarfi da suka gajiyar da abokan karawa, shi kuma ya zo ya ƙarasa. A 1994 gidan ne ya riga ya tsage, tsoho ɗaya ba ya iya tallafe shi.

Darasi na biyu yana wajen 'yan wasanmu biyu da suka taso daga Kaduna. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a 1994, ya dawo gida ya shiga kulob ɗin Gateway na Abeokuta a 2005 yana da shekara 41. Daniel Amokachi kuwa, wanda Yekini ya girme shi da shekara tara, ciwon gwiwa ya karya masa wasa tun bai cika talatin ba. Bayan ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, wani kulob na Jamus ya so ɗaukarsa, da likitoci suka duba shi sai cinikin ya watse. Ka ga ashe takardar haihuwa ba ita kaɗai ake dubawa ba. Duk wanda ya taɓa sayen san huɗa a kara ya san wannan: ana buɗe baki a duba haƙora, amma sai an kora shi an ga tafiyarsa kafin a sallama.

Yanzu mu dawo gida Kano. Tun kafin a haifi Kano Pillars, Raccah Rovers ta ɗauko wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Pillars, Sai Masu Gida. Ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014.

Duk mai zuwa kallo filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele. An haife shi a 1980. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofunan nan uku na jere, kuma a 2014, yana da shekara 33, ya ci ɗaya daga cikin ƙwallayen da Nijeriya ta farke wa Maroko a Afirka ta Kudu, daga ci 3 da nema aka tashi 4 da 3. Har kakar 2024 zuwa 2025 yana buga wa Pillars yana cin ƙwallo, alhali ya kai 44. Gwanintarsa tana wajen bugun tazara da fenariti da raba ƙwallo, abubuwan da shekaru ba sa saurin cinyewa.

Sai Ahmed Musa. Yana yaro ɗan shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a ƙasar. Daga nan ya tafi Holan, ya je Rasha, Ingila da Saudiyya. A watan Afrilu na 2021 ya dawo Pillars na ɗan lokaci, bayan 'yan watanni ya wuce Turkiyya. A Oktoban 2024 ya sake dawowa, a lokacin da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato shi ma ya dawo. Wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani sun samu abin faɗa. To amma su ma ɗaya ɓangaren suna da hujja: a 2021 Akwa United ce ta ɗauki kofi, a 2022 Pillars ta faɗa gasa ta ƙasa sai 2023 ta dawo, a 2025 kuma Remo Stars ce ta ɗauka. Babban suna yana cika fili da 'yan kallo, amma shi kaɗai ba ya kawo kofi.

Kuma kada ka manta da wannan, Malam. Da a ce a 2009 an cika gaban Pillars da manyan da suka dawo daga Turai, a ina yaro ɗan shekara 17 zai samu wurin cin ƙwallo 18? Yaro kadara ne, ana iya sayar da shi gaba a ci riba. Tsoho kuwa kuɗin da aka sa a kansa ba ya dawowa sai ta hanyar aikin da ya yi a yau. Wannan lissafi kowane ɗan kasuwa ya san shi.

Saboda haka in gardamar ta sake tashi a majalisa, ka yi musu tambaya huɗu. Ta ɗaya, wane aiki aka sayo shi ya yi, minti casa'in ko kuwa ƙarashe? Ta biyu, likita ya duba gwiwa, ko cinikin biri a sama aka yi? Ta uku, yarjejeniyar ta shekara nawa ce? Ta shekara ɗaya ita ce daidai, in ya yi kyau a ƙara. Ta huɗu, yaran da ke bayansa koyo suke a wurinsa ko ya tare musu hanya ne? Manomi mai dabara yakan haɗa gogaggen sa da ɗan bijimi a garma ɗaya, babban ya riƙe kunya, ƙaramin ya ja yana koyo. Amma ba wanda zai haɗa tsofaffi biyu ya ce zai gama gona kafin ruwa ya wuce shi.

Da fatan Malam da 'yan majalisarsa sun gamsu. Mai wata tambaya sai ya aiko, mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.