Farin Hanci, Ciwo a Fiffike

A watan Fabrairun 2006 wani mai sha'awar shiga kogwanni ya ɗauki hoton jemagu a kogon Howes, yamma da birnin Albany a jihar New York ta Amurka. Jemagun na rataye a rufin kogo suna barcinsu na hunturu, amma a hanci da bakin wasunsu akwai wani farin abu kamar an barbaɗa musu gari. Sai da hunturu ya zagayo, ma'aikatan kula da namun daji suka riƙa tarar da gawarwakin jemagu dubbai a kogwannin yankin, wasu har sun fito da rana tsaka sun mutu a kan ƙanƙara, sannan aka waiwayi hoton nan. Abin da ido ya fara gani shi ya zama suna. Aka ce farin hanci, ya kuma bi cutar har yau.

Bahaushe ba zai yi mamakin irin wannan raɗin suna ba. Mu ma da wuyan da ya sanƙare muka kira sanƙarau, alhali ainihin ciwon yana can cikin rufin ƙwaƙwalwa da laka. Mai jinya abin da ya gani yake faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Sai dai laƙabi irin wannan yakan ja hankalin mutane zuwa inda ba nan ɓarnar take ba. Jemage ba ya mutuwa don hancinsa ya yi fari. A fiffike ake kashe shi. Fatar fiffiken jemage siririya ce ƙwarai, cike da jijiyoyin jini, kuma da ita yake daidaita ruwan jikinsa da zafinsa. Abin nan fari yakan huda fatar ya yi ƙananan ramuka masu kama da koko, ya cinye naman ya zauna a gurbinsa. Ruwa da gishirin jiki su yi ta tsiyaya, jemage ya yi ta farkawa daga barcin da bai kamata ya katse ba sai bayan mako biyu ko uku. Kowace farkawa kuwa kitse take ci, domin sai ya ɗumama jikinsa daga sanyin kogo zuwa zafin mai rai. Dabbar da nauyinta bai wuce giram 8 ko 9 ba, wane kitse gare ta na almubazzaranci? Kafin bazara ta kawo ƙwari, guzuri ya ƙare. Sau da yawa ma jemage na ɗauke da cutar babu ko ɗigon fari a hancinsa, don ya lashe shi lokacin da ya farka.

Kafin in ci gaba sai na tsayar da kalmar da zan kira farin abin da ita. A wasu rubuce-rubucen fassara ana cewa "naman gwari" ga duk wannan jinsi na halitta. Ni ba na amfani da ita, saboda ta ɗauko sunan wata al'umma ta jingina shi ga abin da ke ruɓar da abinci, kuma babu dalilin da zai sa ilmi ya gaji wannan. Naman kaza kuma sunan masu lema ne da ke tsirowa a juji da damina. Kalmar da ta dace tana nan a kowane gida: fumfuna, wadda ke hawa burodi ko tuwon da ya kwana biyu a danshi. Wannan ma fumfuna ce, sai dai mai son sanyi. Tana jin daɗin yaɗuwa a tsakanin digiri 12 zuwa 16, in zafi ya haura 20 sai ta tsaya cak. Shi ya sa ba ta iya komai da jemage mai tashi, wanda jikinsa ke da zafi, sai wanda ya kwanta ya sauke zafin jikinsa daidai da na dutse. Wannan kwanciya ita ma ba mu da kalma guda ta kiranta, don jemagun da ke rataye a itatuwan garuruwanmu ba sa yin ta. Mafi kusa da ita a wurinmu ita ce ta gaiwa, da ke shigewa cikin laka ta jira ruwa, har ake cewa jikinta take ci. Gaiwa rani take gudu, jemagun can sanyi suke gudu, amma dabarar ɗaya ce: a rage numfashi, a rage bugun zuciya, a rayu da abin da aka tara.

A Turanci sunan yana da rabi na biyu, shi ma yana da labari. Masu binciken farko ba su ce "cutar farin hanci" ba. Sun zaɓi kalmar "syndrome", wadda asalinta Girkanci ne, ma'anarta abubuwan da ke gudu tare. Likitoci na amfani da ita idan sun ga alamomi sun taru amma ba su tabbatar da mai haddasa su ba. Wannan tsantseni ne mai kyau, domin a lokacin akwai masu ganin cewa fumfunar ta hau jemagun ne bayan wani abu daban ya raunana su, ko guba ko wata ƙwayar cuta. A 2011 Jeffrey Lorch da abokan aikinsa suka shafa wa lafiyayyun jemagu fumfunar zalla a ɗakin gwaji, ciwon ya bayyana, suka buga sakamakon a mujallar Nature. Daga ranar dalilin zaɓen kalmar ya faɗi, amma kalmar ta zauna, don ta riga ta shiga takardun gwamnati da allunan ƙofar kogwanni. Wasu masana, musamman na Turai, sun fi son a ce cuta kai tsaye idan ana nufin ciwon fata, a bar ɗaya kalmar ga tarin alamomin da ke tare da mutuwar ɗimbin jemagu. A ganina suna da gaskiya, kuma za a ga dalili nan gaba.

Wancan duk laƙabi ne. Sunan yanka ya zo a 2009, lokacin da Andrea Gargas, tare da David Blehert na cibiyar lafiyar namun daji da ke Madison a jihar Wisconsin da wasu abokan aiki, suka bayyana fumfunar a matsayin sabon nau'i. Abin da ya bambanta ta a madubin ƙara girma shi ne 'ya'yan irinta a lanƙwashe suke kamar jinjirin wata. Suka kira ta Geomyces destructans. Kalmar farko sunan dangi ce da wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Traaen ya ƙirƙira a 1914, ma'anarta fumfunar ƙasa, wato turɓaya. Ta biyu Latinanci ce, mai hallakarwa.

A nan ne sauran mazauna kogo suka shigo labarin, kuma a nan na fi son in daɗe. Mutum zai ɗauka kogo mai duhu da sanyi kango ne. Da aka ɗebo ƙasar kogwanni da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai na gabashin Amurka, inda jemagu ke kwana, aka shuka ta a faranti, sai ga gari guda na fumfuna iri-iri: masu cin kashin jemage, masu cin matattun ƙwari, masu cin katakon da mahaƙa suka tokare rami da shi suka tafi suka bari. Da yawa daga cikinsu kuwa 'yan uwan mai kisan ne na kusa, kuma akasarinsu babu wanda ya taɓa sa musu suna. Wanda aka fi sani a dangin shi ne mai suna pannorum, wato na tsummoki, wanda ake samu tun daga ƙasar gona har ƙanƙarar ƙarshen duniya, ba ya kuma kashe jemagu. Gwajin ƙwayoyin gado na farko da aka yi amfani da shi bai iya rarrabe tsakanin mai laifi da 'yan uwansa sosai ba. A 2010 an ba da sanarwar cewa an sami fumfunar a jikin wani jemage a yammacin jihar Oklahoma, nesa ƙwarai da inda cutar ta kai a lokacin. Hankali ya tashi. Bayan 'yan shekaru, da aka sake gwada samfurin da gwaji mafi kaifi, aka janye maganar. Masu ganin cewa rigimar suna aikin malamai ne marasa abin yi, su dubi wannan: da sunan ake rufe kogo, da shi ake zana taswira, da shi ake ware kuɗi. Idan gida guda mutum goma ne ke amsa suna ɗaya, ba a san wanda za a kama ba.

Wannan cunkoso ne ya sa Andrew Minnis da Daniel Lindner, na hukumar gandun dajin Amurka, suka zauna suka jera dangin bisa ƙwayoyin gadonsu. A 2013 suka nuna cewa mai kashe jemagu ba ɗan gidan Geomyces na ainihi ba ne, gidansa wani ne mai suna Pseudogymnoascus, wanda Raillo ta ƙasar Rasha ta kafa tun 1929. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ta ƙara rikita lissafin. Fumfuna da yawa suna da kama biyu, ɗaya idan suna yaɗuwa ba tare da haɗuwar jinsi ba, ɗaya kuma idan an haɗu, kuma shekara da shekaru ƙa'ida ta yarda a ba kowace kama sunanta daban, kamar a ce mutum yana da suna ɗaya yana gwauro, wani daban in ya yi aure. Babban taron masana tsirrai da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2011 ya soke wannan, ya ce fumfuna ɗaya suna ɗaya.

Sabon sunan gidan, Pseudogymnoascus, doguwar kalma ce, amma gaɓa uku ce kawai: jabu, tsirara, jaka. Jakar ita ce 'yar salkar da wannan rukuni na fumfuna ke zuba irinsa a ciki bayan haɗuwar jinsi. Akwai wani tsohon dangi da ake kira mai tsirarar jaka, don jakarsa ba ta da cikakken murfi, wannan kuwa ya yi kama da shi amma ba shi ba ne, sai aka ce jabunsa. Abin lura shi ne fumfunar da ke Amurka ba ta yin wannan jaka, domin haɗuwar na bukatar ɓangare biyu, kuma ɓangare ɗaya kaɗai ya ƙetara teku. Duk abin da ya bazu a jihohin Amurka fiye da 40 da larduna da dama na Kanada, tsatso ɗaya ne yake ta kwafin kansa.

An sauya sunan gida, amma destructans ya tsira, kuma a Amurka ya cancanci zama. A farkon 2012 hukumar kifi da namun daji ta ƙasar ta ƙiyasta cewa jemagu tsakanin miliyan 5.7 da 6.7 sun mutu. Nau'i uku sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wuraren da cutar ta kama, ga su kuma ɗa ɗaya yawancinsu ke haifa a shekara. Masanin tattalin arziki Eyal Frank ya nuna a 2024 cewa a gundumomin da cutar ta rage jemagu manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kimanin kashi 31, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Wanda ya sa mata mai hallakarwa bai yi mata ƙazafi ba.

Amma suna linzami ne, yakan juya kan mai ji. Da aka duba Turai sai aka iske fumfunar a kogwannin Faransa da Jamus da Hangari da sauransu, daga baya har Sin, tana hawa jemagu, tana farin hanci, tana huda fiffike, ba tare da an ga gawarwaki jibge a ƙasa ba. Jemagun can sun daɗe tare da ita, jikinsu ya san ta. Ciwon yana nan, annobar ce babu, kuma wannan ne ya sa bambanta kalmomin nan biyu yake da amfani. Da wani masani ya fara bayyana ta daga wani kogon Turai a ƙarnin da ya wuce, da wata sifa tata zai duba ya sa mata suna, ko lanƙwasar irinta ko son sanyinta. Hallakarwa ba halinta ba ne a ko'ina, abin da ya faru ne da aka kai ta inda ba a san ta ba. Sunan ya ɗora laifin duka a kan fumfuna, ya yi shiru game da wanda ya ɗauko ta, alhali jemagun nan ba sa ƙetare tekun Atlantika, mutane ne ke ƙetarewa da laka a takalmi da igiya da jaka.

Su ma waɗanda aka kashe suna da sunaye masu magana. Ƙaramin jemage mai ruwan ƙasa, wanda a da ya fi kowane yawa a yankin, sunansa Myotis lucifugus, wato mai kunnen ɓera, mai gudun haske. A 2018 aka gano cewa fumfunar ta rasa wani sinadarin gyaran ƙwayar gado da 'yan uwanta na cikin kogo suke da shi, saboda haka ɗan hasken nan mai ƙuna da ke cikin rana, wanda ido ba ya gani, yana kashe ta cikin daƙiƙoƙi. Ta kuma rasa da yawa daga cikin abin da 'yan uwanta ke narkar da tsirrai da shi, alamar cewa ta daɗe ƙwarai da barin cin turɓaya ta koma fatar jemage. Ke nan sunan fumfunar ƙasa da aka fara ba ta bai dace da ita ba ta wannan fuskar ma, mai gudun haske ne ya fi kama da ita. Wani irin wannan hasken kuma, mai sauƙi, shi masu bincike ke haska fiffike da shi a cikin kogo, ramukan ciwon su yi ƙyalli ruwan lemo, a gane marar lafiya ba sai an kashe shi ba.

Da ni za a tambaya yadda za a kira ta da Hausa, zan bar farin hanci a matsayin inkiyar da duniya ta sani, amma a littafin makaranta zan rubuta fumfunar fiffiken jemage, don yaro ya san inda zai duba.

Kuma raɗin sunan bai ƙare ba. A 2025 wani ayarin masu bincike ƙarƙashin Sébastien Puechmaille ya buga a Nature sakamakon nazarin dubban samfura daga ƙasashe da dama. Suka nuna cewa abin da ake kira da suna ɗaya nau'i biyu ne daban, kowanne da jemagun da ya fi hawa, suka kuma bi sawun tsatson Amurka har yankin Podillia na ƙasar Yukren, inda akwai manyan kogwanni da masu shiga kogo daga ƙasashen waje ke ziyarta. Lamba suka sa musu, na 1 da na 2. Na 1 ne ya yi ɓarnar da aka ƙirga a sama. Na 2 ba a same shi a Amurka ba, kuma abin da ke tsakaninsa da jemagun da suka tsira daga na farkon shi ne ko mai fitowa daga kogo zai tsaya ya jiƙa takalminsa da igiyarsa a ruwan zafi kafin ya hau jirgi.