Raunin Fituwitari Bayan Zubar Jinin Haihuwa

Fituwitari wani ɗan ƙullutu ne da bai fi ƙwayar wake girma ba, yana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci. Shi ke fitar da sinadaran homon masu sa wasu sassan jiki aiki: tayirod da ke wuya, adirinal da ke saman ƙoda, da ƙwan mace ko maraina. Idan ya raunana, waɗannan sassan ƙalau suke, amma babu mai ba su umarni.

Ƙari ko buguwa a ka suna iya jawo raunin. Wanda ya fi kuɓuce mana a asibiti kuwa shi ne na bayan haihuwa, wato ciwon Sheehan, sunan likitan Birtaniya da ya bayyana shi a 1937. Fituwitari yana ƙara girma lokacin goyon ciki. Idan mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa har jininta ya yi ƙasa, sai jini ya kasa isa gare shi, wani ɓangarensa ya mutu.

Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawowa. Daga nan al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ga kasala da jiri da jin sanyi ko ana zafi. Yawanci a gida akan ce wahalar jego ce, ko a ce sammu. Wasu matan sukan shekara goma ko fiye kafin a gano. Saboda haka idan kin je asibiti, faɗa wa likita cewa kin taɓa zubar da jini a haihuwa, ko da abin ya daɗe.

Da gwajin jini ake ganowa, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa. Ɓangaren da ya mutu ba ya farfaɗowa, amma ana maye gurbin homon ɗin da magani, galibi har ƙarshen rayuwa. Idan akwai ƙarancin kotisol, hydrocortisone ake fara bayarwa kafin levothyroxine, domin fara na biyun shi kaɗai yana da hatsari.

Kada ki daina hydrocortisone don kin ji sauƙi. Ranar zazzaɓi jiki na buƙatar ƙari. Ki tambayi likita tun yanzu nawa za ki sha. Idan amai ya hana magani zama, ko aka ga kina rikicewa, a kai ki asibiti nan take a yi miki allura.