Jimina a Fagge, Aku a Sabon Gari: Tsuntsayen Fatauci da Aikin Likitan Dabbobi a Kano

Tun kafin a san wani abu wai shi likitan dabbobi a ƙasar Hausa, tsuntsu ya riga ya zama haja a Kano, kuma jimina na cikin waɗanda suka samu wannan matsayi. Littafin Tarihin Kano ya lasafta figini da takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Fagge kuwa, da yake tana bayan ganuwa, ita ce zangon ayarin Buzaye da ke saukowa daga Azbin, nan raƙuma kan sauke kaya su ɗauki wasu. A ƙarni na 19 gashin jimina ya shiga sahun hauren giwa da jemammiyar fata, watau manyan kayan da Larabawan Gadamus ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, daga can kuma su wuce Landan da Faris, inda mata ke ƙawata huluna da su.

Ba dukan gashin nan ne na farauta ba. A Damagaram da Barno da wasu garuruwan Hausa akan kamo 'yan tsakin jimina a daji a rene su a gida, in sun girma a riƙa fige su. To, renon jimina ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗan tsakonta rago ne ainun, sanyi da laima kan kashe shi, in kuma abinci bai wadace shi ba sai ƙafafunsa su lanƙwashe tun bai kai ko'ina ba. Babbar kuwa ba ta ƙyale abin da ta gani a ƙasa, ko ƙusa ce ko tsumma, har cikinta ya cushe. Figar ma kanta cuta ce, domin tumɓuke gashi daga tushe yakan raunata fata, sabon da zai fito ya lalace. Duk ilmin da masu kiwon suka tara game da waɗannan abubuwa a ka yake, ba a rubuce ba, alhali kuwa malamai sun daɗe da sanin littattafan Larabci a kan jinyar doki. Abin da ya fi wanzuwa a hannun masu magani shi ne man jimina, wanda ake shafawa don ciwon gaɓoɓi. Watau dai tsuntsuwar ce ke yi wa mutum magani.

Darajar jiminar ƙasar nan ta kai har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo wata ƙungiya a 1911, a ƙarƙashin Russell Thornton, don neman irin da zai gyara nasu. Kano suka yi zango suna binciken ƙunshin gashin da ayari ke kawowa, har suka gane cewa mafi kyau daga wajen Damagaram yake fitowa. Faransawa suka hana fitar da jimina mai rai daga yankinsu, amma duk da haka baƙin suka san yadda suka yi suka tara tsuntsaye, kimanin 140 suka isa Kef Tawun a 1912. Wahalar ba ta biya ba. A 1914 kasuwar gashin jimina ta faɗi warwas a duniya, ga Italiya ta riga ta kama Tarabulus a 1911, ga kuma jirgin ƙasa ya iso Kano ya juya akalar ciniki zuwa Ikko.

Daidai wannan lokaci ne Turawa suka kafa Sashen Kula da Dabbobi a Zariya, sa'an nan aka mayar da ɗakin bincikensa Vom a 1924. Hankalin sashen yana kan saniya, kuma dalilin a fili yake: bushiya ta yi wa garken Fulani kaca-kaca wajen 1890, jangali kuma da ƙirgi da fata su ne ke cika baitulmali. Tsuntsu ba ya biyan jangali. Saboda haka kaza da zabo da tattabara suka ci gaba da shan barkono da sassaƙen maɗaci a cikin ruwa, kamar yadda aka gada.

Jirgin da ya kashe ayari shi ya haifi Sabon Gari wajen 1913, shi kuma ya sauƙaƙa zuwan wani tsuntsu daga kudu. Aku mai launin toka da jan wutsiya ɗan kurmi ne, mazauninsa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango. A kasuwar Sabon Gari ya tarar da kanari da ɗawisu da gauraka da talo-talo, keji kan keji. Iskar Kano ba tasa ba ce, hunturu kan busar masa da hanci da maƙogwaro, mai gida kuma don ƙauna sai ya ɗora shi a kan gyaɗa zalla. Yau an san cewa irin wannan ci yana rage masa sinadarin kalsiyam a jini har ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya, gyaɗa mai fumfuna kuma tana ɓata masa hanta da huhu. Akwai kuma zazzaɓin aku, wanda mutum ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsa. A 1929 da 1930 cutar ta kashe fiye da mutum 100 a Turai da Amurka, har ƙasashe da dama suka hana shigo da tsuntsun. Tana jin magani, amma a jikin mutum kamanninta na mura ne ko ciwon huhu, ba kowane likita ne kuma zai tambayi majinyaci ko yana ajiye da tsuntsu ba.

Murar tsuntsaye ce ta tilasta wa hukuma duban keji. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a gonakin Afirka, kuma cikin abin da aka hallaka a gonar har da jiminu. Kafin a ce haka cutar ta bayyana a gonakin Kano. Gwamnatin Tarayya ta yanka diyyar Naira 250 a kan kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, don haka masu kiwo da yawa suka gwammace su kai kajinsu kasuwa da araha maimakon su kai rahoto. A nan aka ga aibin kasuwar tsuntsu mai rai, inda agwagwa da ke iya ɗauke da cuta ba alama take kwana kusa da kaza da tsuntsun ado, wanda bai sayu ba kuma a mayar da shi gida. Cutar ta sake dawowa Kano a Janairun 2015.

Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta taƙaita cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, a 2016 kuma taron yarjejeniyar CITES a Johannasbag ya haramta fataucin aku mai launin toka da aka kamo a daji tsakanin ƙasashe. Dokokin biyu a kan kamu da fatauci suka yi magana, ba su ce kome ba game da lafiyar wanda ya riga ya shiga keji, ga shi kuwa aku kan yi shekara 40 ko fiye a hannun mutum. Jimina mai jan wuya, wadda Thornton ya zo nema, ta ƙare a dajin Nijar, har sai da aka kafa mata wurin kiwo a Kelle, cikin Jihar Damagaram, don a ceto irinta.