Gasar Tanis ta Legas: Tarihin Wasan da Juyin Mulki Ya Katse

A watan Fabrairun shekarar 1976, Legas, wadda ita ce babban birnin Nijeriya a lokacin, ta karɓi baƙuncin ƙwararrun 'yan wasan tanis na duniya. Ƙungiyar World Championship Tennis ta Amurka ce ta sanya birnin cikin jerin wuraren wasanninta, aka kuma buga gasar a filayen Lagos Lawn Tennis Club, waɗanda aka shimfiɗa da jar ƙasa. Irin wannan fili yakan rage wa ƙwallo gudu, ya sa ta yi tsalle sama, don haka mai haƙuri da juriya ya fi cin moriyarsa.

Zamani ne na arzikin man fetur, ƙasar kuwa tana son nuna wa duniya cewa ta kawo ƙarfi. Babban baƙo shi ne Arthur Ashe, Ba'amurke, baƙar fata na farko cikin maza da ya ci gasar Wimbledon, a shekarar 1975.

Ana tsakiyar gasa, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka harbe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammad, a kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Juyin mulkin bai yi nasara ba. Aka kai gawarsa Kano, mahaifarsa, Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi. Aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama, ga kuma jita-jitar cewa da hannun Turawan Yamma a kisan, abin da ya jefa baƙi cikin fargaba.

Duk da haka aka koma fili. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai sojoji suka kutsa da bindigogi. Ɗaya ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya ya fitar da shi, 'yan kallo suka watse. Ga sojojin, wasa a lokacin makoki raini ne ga mamacin. 'Yan wasan suka bar ƙasar, sai daga baya aka ƙarasa gasar a ƙetare, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Gasar ta sake ɗagowa a ƙarƙashin tsarin Grand Prix. Kjell Johansson na Suwidin ya ci ta a 1978, sai 'yan Ostiriya biyu, Hans Kary a 1979 da Peter Feigl a 1980. Daga nan sunan Legas ya fita daga jerin manyan gasanni, aka ci gaba da ƙananan wasanni kawai. Kulob ɗin yana nan har yau a unguwar Onikan, babban filin jirgin saman birnin kuma yana ɗauke da sunan Murtala.