Sammacin Kotu da Gigin Tsufa: Nazari kan Yafe wa Iyaye Zaman Juri a Amurka da Ingila

A Amurka da Ingila, manyan shari'o'in laifi ba alƙali kaɗai ke yanke su ba. Akan zaɓo mutanen gari, galibi su 12, su saurari shaidu, sannan su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Su ake kira juri, kuma duk wanda aka kira wajibi ne ya amsa. Najeriya ba ta aiki da wannan tsari, shi ya sa 'yan'uwanmu mazauna can kan rikice in takardar sammaci ta zo da sunan mahaifin da gigin tsufa ya kama.

Tushen matsalar yana wajen tattara sunaye. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ce a ɗebo su daga rajistar masu zaɓe, kotuna da yawa kuma suna haɗawa da jerin masu lasisin tuƙi. A Ingila da Wales, dokar 1974 ta dogara ne da rajistar zaɓe, wadda 'yan Najeriya da Gana masu izinin zama ke iya shiga a matsayinsu na 'yan ƙasashen renon Ingila. Ko ɗaya cikin waɗannan rajistoci bai san lafiyar mutum ba. Kwamfuta ce ke zaɓe. Dattijuwar da ta yi rajista tun tana da ƙarfinta, yau kuma ba ta gane jikokinta, sunanta na nan daram. Kuma ba tsiraru ba ne: Amurkawa kimanin miliyan 7 masu shekara 65 zuwa sama na fama da cutar Alzheimer kaɗai.

A rubuce, doka tana bayan iyali. A Amurka, wanda rashin lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi yin aikin yadda ya kamata bai cancanci zama ba. A Ingila, wanda ba shi da ikon fahimta da yanke shawara bisa ma'aunin dokar 2005 an hana shi kwata-kwata. Wannan kariya ce ga mara lafiya, kariya ce kuma ga wanda ake tuhuma, don ba adalci ba ne a ɗora makomarsa a hannun wanda ba zai tuna shaidar safe da la'asar ba.

Shekaru ma ƙofa ce, sai dai faɗinta ya bambanta. Ingila ta ɗaga iyakar daga 70 zuwa 75 a 2016. Da yawa daga cikin kotunan tarayya 94 na Amurka suna yafe wa wanda ya haura 70 in ya nema. A kotunan jiha, Florida ma 70 ce, Texas kuwa ta mayar da tata 75 a 2023. A Kalifoniya shekaru kaɗai ba uzuri ba ne, amma mai 70 zuwa sama ba a tilasta masa kawo takardar likita.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin duk an gina shi a kan cewa wanda aka aika wa takarda zai karanta, ya gane, ya amsa cikin lokaci: kwana 10 a tarayyar Amurka, kwana 7 a Ingila. Abin da cutar ke fara rushewa ke nan. Ambulan kan kwana cikin aljihun tebur tare da takardar kuɗin wuta da ba a buɗe ba, har sai ta biyu ta zo da zancen tarar dala 1,000 ko fam 1,000. Kotuna ba kasafai suke hukunta mara lafiya ba, amma fargabar takan yi ɓarnarta. 'Yan damfara sun san haka. Sukan buga waya a matsayin jami'an kotu, su ce an ƙi amsa sammaci, a biya yanzu ko a zo kamu, alhali kotu ba ta karɓar tara ta waya.

Mafita tana hannun 'ya'ya. Dokar Amurka ta yarda wani ya cike fom a madadin wanda ba zai iya ba, muddin ya rubuta cewa shi ya cike da kuma dalili. A Ingila ma ana amsawa a madadin wani. Takardar likita mai amfani ita ce wadda ta faɗi a fili cewa cutar ba mai warkewa ba ce, kuma mai ita ba zai iya bin bayanin shaidu ba. In ba a ambaci dawwamar cutar ba, akan ɗage ranar kawai, sammaci ya dawo. Kalifoniya ta buɗe hanyar yafewa ta dindindin a 2019. Amma kotun jiha daban, ta tarayya daban. Yafewar ɗaya ba ta ɗaure ɗayar.

Kurakurai biyu sun fi damuna. Na farko kunya. Iyalai da yawa ba sa son a rubuta cewa Baba ya gigice, sai su ce ƙafa ce ko hawan jini, kotu kuwa ta ce za ta tanadi keken guragu. Rufin asirin da ake nufi sai ya koma wahalar da dattijon. Na biyu, cire sunan mahaifi daga rajistar zaɓe don takardu su daina zuwa. Samun cutar kaɗai ba ya soke 'yancin ƙuri'a, kuma mai ita a matakin farko sau da yawa ya san wanda yake so ya zaɓa. Ba daidai ba ne a raba shi da haƙƙinsa don a huta da ambulan.

A ganina, nauyin da ya rage na kotuna ne. Cutar da likita ya tabbatar ba ta komawa baya bai kamata a riƙa neman hujjarta daga iyali a kai a kai ba. Takarda ɗaya ta isa a cire sunan daga jerin juri har abada, a kotun jiha da ta tarayya baki ɗaya.